Girki, gawa da baƙin sararin samaniya: Littattafan da mai abinci ke binciken kisa

A kantunan sayar da littattafai na Amurka akwai wani rukunin ƙagaggun labarai da bangonsu kan ruɗi baƙo. Zai ga hoton kek, ko butar shayi, ko kyanwa kwance kusa da tanderu, ya ɗauka littafin koyon girki ne. Sai ya buɗe ya tarar kafin a kai babi na uku an tsinci gawa a bayan shago, a ƙarshen babin kuma an jero masa adadin kofin fulawa da sukari da man shanu da zai haɗa irin biskit ɗin da mamacin ya ci kafin ajali ya riske shi. Masu buga littattafai a can sun daɗe da gane cewa wannan haɗi na kisa da girki kasuwa ce mai zaman kanta, domin marubuciya guda kan fitar da littafi ashirin ko fiye a kan tauraruwa ɗaya, masu saye kuma ba su gajiya.

Tauraruwar ba ’yar sanda ba ce, ba ta kuma taɓa shiga ajin koyon bincike ba. Galibi mace ce mai gidan gasa biskit, ko mai shagon shayi da kofi, ko mai karɓar kwangilar dafa abincin biki, a wani ƙaramin gari da kowa ya san asalin kowa. Akwai sharuɗɗan da marubutan ke kiyayewa: ba a nuna zubar jini ƙuru-ƙuru, ba batsa, kuma dole a kama mai laifi kafin shafin ƙarshe. Taron masoya wannan adabi da ake kira Malice Domestic, wanda ake yi a kusa da birnin Washington tun 1989, yana bayar da lambar yabo mai sunan Agatha, abin da ake miƙa wa gwani kuwa butar shayi ce. Daga cikin rassan da adabin ya yi akwai wanda ya fi sauran ban mamaki, inda ake cusa zancen halittun wasu duniyoyi da zargin cewa gwamnati na ɓoye sirrinsu. Kafin a kai ga wannan, ya kamata a san yadda aka yi mai ludayi ta karɓe aikin ɗan sandan ciki.

Daga Miss Marple zuwa gidan biskit

Kakar waɗannan taurari ita ce Miss Marple, tsohuwar da marubuciyar Ingila Agatha Christie ta ƙirƙira, wadda cikakken littafinta na farko ya fito a 1930. Tsohuwar ba ta da makami sai saƙa da sauraro. Duk wanda ake zargi sai ta kwatanta shi da wani da ta sani a ƙauyensu, mahauci ko ’yar aiki ko mai lambu, domin a ganinta halin ɗan Adam iri ɗaya ne a ko’ina. Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti a lokacin Yaƙin Duniya na Farko, shi ya sa guba ta yawaita a labaranta, guba kuwa ba ta da hanyar shiga ciki da ta wuce kofi da kwano. Tun daga nan teburin cin abinci ya zama filin kisa a adabin Turanci.

A Amurka, Rex Stout ya ƙara matsawa kusa da madafi. A littafinsa na 1938 mai suna Too Many Cooks, an kashe wani shahararren kuku a taron manyan masu dafa abinci, mai bincikensa Nero Wolfe, wani ƙaton mutum mai tsananin son ci, ya warware lamarin, ya kuma karɓi ladansa da sirrin wani girki da mai shi ya daɗe yana ƙin sayar wa kowa. An buga bayanin girke-girken a ƙarshen littafin. Sai dai Wolfe ƙwararre ne da ake biya. Wadda ake yawan danganta wa haɗa mai binciken sa-kai da girki ita ce Virginia Rich, da littafinta na 1982, The Cooking School Murders, wanda tauraruwarsa wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu.

Kasuwar ta buɗe sosai a 1990, lokacin da Diane Mott Davidson ta fitar da Catering to Nobody. Labarin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne tubalin da mafi yawan na baya suka ɗora gini a kai. Goldy bazawara ce mai ɗa guda a wani ƙaramin gari na Jihar Colorado, ta rabu da mijinta likita saboda duka, tana ciyar da kanta da kwangilar girkin taro. An ba ta aikin abincin wani zaman makoki, sai aka zuba wa tsohon surukinta maganin ɓera a kofi. Mutumin bai mutu ba, amma ’yan sanda suka rufe mata sana’a har sai an gano wanda ya yi. Ga kuɗin haya, ga yaro, ga suna ya ɓaci a gari. Goldy ta shiga bincike ne domin idan ta zauna jiran hukuma jarinta zai karye.

Shekara goma bayan haka Joanne Fluke ta zo da Hannah Swensen, mai gidan biskit a wani ƙagaggen gari na Jihar Minnesota, wadda ta tsinci gawar direban da ke kawo mata madara a lungun bayan shagonta, ga biskit ɗinta warwatse a gefensa. Jerin ya haura littafi ashirin da biyar, tashar Hallmark ta fara mayar da shi fim a 2015. Daga baya marubuta ’yan asalin wasu ƙasashe suka shigo da nasu tukwanen. A 2021 Mia P. Manansala ta rubuta Arsenic and Adobo, inda wani mai sharhin abinci ya faɗi matacce yana cikin cin girkin ’yan Filifin a gidan abincin gwaggon tauraruwar, mai gidan haya kuma yana neman hanyar korarsu. A Afirka ta Kudu, Sally Andrew ta ƙirƙiri Tannie Maria a 2015, wata mai rubuta shafin girke-girke a jaridar karkara, da aka ɗora wa aikin amsa wasiƙun masu matsalar aure, har ranar da aka kashe ɗaya daga cikin matan da suka rubuto mata.

Me ya sa sai mai abinci? Dalilin farko shi ne babu inda ba ta shiga. Biki da makoki da taron ’yan siyasa duk suna bukatarta, kuma masu gida kan saki baki a gabanta kamar ba mutum ce ke tsaye da tire ba. Ɗan sanda na zuwa da littafin rubutu sai kowa ya kama bakinsa, ita kuwa tana zuwa da kwanon abinci sai a ba ta kujera. Sana’arta kuma ta koya mata ƙidaya da awo. Ta san faranti nawa ta fitar da nawa suka dawo, ta san wanda ya ƙi taɓa miya, ta san minti nawa shayi ke yi kafin ya huce. Wanda ya ce ƙarfe tara ya bar ɗakin alhali kofinsa na tururi da tara da rabi, ita ce za ta fara cewa da walakin, goro a miya. Dalili na uku shi ne wanda duk ɗan kasuwa zai fi ganewa. Mai sayar da abinci, a Colorado take ko a Kaduna, ba ta da kadarar da ta kai amincin masu saye, kuma jita-jita guda cewa wani ya ci abincinta ya faɗi ta isa ta watsa cinikin shekara goma.

Inda faranti mai tashi ya shigo

Zancen halittun wasu duniyoyi a Amurka yana da ranar haihuwa. A ranar 24 ga Yuni, 1947, wani matuƙin ƙaramin jirgi mai suna Kenneth Arnold ya ce ya ga abubuwa tara suna keta sama kusa da Dutsen Rainier, ya kwatanta tafiyarsu da farantin shayi da aka wurga a kan ruwa. Jaridu suka ɗauki kwatancen suka laƙaba wa abin suna faranti mai tashi. Ashe tun ranar farko daga kicin aka aro sunan.

Mako biyu bayan haka, a ranar 8 ga Yuli, sansanin sojan sama na Roswell a Jihar New Mexico ya ba da sanarwar cewa ya samu tarkacen irin wannan faranti a wani wurin kiwo. Cikin kwana guda manyan hafsoshi suka janye maganar, suka ce balan-balan ne na auna yanayi. Zancen ya kwanta kusan shekara talatin, sai wani littafi na 1980 ya tayar da shi, daga nan aka yi ta ƙarin gishiri har da gawarwakin baƙi da aka ce an ɓoye. A 1994 rundunar sojan saman Amurka ta fitar da rahoton da ya ce tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul, wato jerin balan-balan masu ɗauke da na’urorin sauraron gwajin makaman nukiliyar Tarayyar Sobiyat. Ma’ana, a 1947 hukuma ta yi rufa-rufa da gaske, sai dai abin da ta ɓoye leƙen asiri ne. Haka sansanin nan na hamadar Nevada da ake kira Area 51, wanda sai a 2013 takardun hukumar CIA suka ambace shi a fili, suka nuna cewa tun 1955 a nan ake gwajin jirgin leƙen asiri na U-2. Shirin gwamnati na tattara rahotannin abubuwan da ake gani a sama, Blue Book, ya karɓi rahoto 12,618 kafin a rufe shi a 1969, 701 daga ciki ba a gano ko mene ne ba. A watan Maris na 2024 ofishin da ma’aikatar tsaron ƙasar ta kafa kan batun ya ce bai samu wata hujja ta fasahar wata duniya ba. Masu zargi suka ce ai dama haka za su faɗa.

Garin Roswell kuwa ya mayar da abin sana’a. Akwai gidan tarihi, akwai bikin shekara-shekara a watan Yuli, fitilun titi an yi musu idanun baƙin sama, har reshen McDonald’s na garin an gina shi da siffar faranti. Ƙaramin gari, baƙi masu kuɗin kashewa, gidajen abinci cike, ga mutanen da abincinsu ya dogara ga ci gaba da yarda da labarin. Marubucin labarin kisa ba ya bukatar fili da ya fi wannan.

Amma akwai cikas. Adabin bincike yana da ƙa’idar da ake kira adalci ga mai karatu, wato a shimfiɗa masa duk alamun da mai bincike ya gani, yadda idan yana da lura zai iya riga shi gano mai laifi. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara dokoki goma na wannan fanni, cikinsu ya haramta jingina laifi ga abin da ya fi ƙarfin ɗabi’a, ya kuma haramta gubar da kimiyya ba ta sani ba. Idan halittar wata duniya za ta iya ratsa bango ta kashe mutum da haske, ƙidayar faranti da hucewar shayi sun tashi a banza. Saboda haka a mafi yawan waɗannan labarai baƙon sama hayaƙi ne da wani ɗan ƙasa ya tayar domin ya rufe idon jama’a.

Misali mai kyau shi ne Martians in Maggody, wanda Joan Hess ta fitar a 1994. Maggody ƙagaggen ƙauye ne a Jihar Arkansas mai mutum 755. Wata rana aka wayi gari da wasu da’irori a gonar masara, aka fara ganin fitilu da dare, ’yan jaridun tsegumi da masu kiran kansu masana baƙin sama suka cika ƙauyen, mutanen gari suka buɗe ciniki, sai ga gawa. Shugabar ’yan sandan ƙauyen mace ce, amma masu kutsa kai cikin bincike ba da gayyata ba su ne mahaifiyarta mai gidan abinci da ƙawarta mai gyaran gashi. Hess ba daga sama ta ɗauko zancen da’irorin ba. Shekara uku kafin littafin, wasu dattawa biyu a Ingila, Doug Bower da Dave Chorley, sun fito sun ce su ne suka shafe shekaru suna kwantar da alkamar mutane cikin dare da katako da igiya, yayin da masana ke rantsuwa cewa hannun mutum ba zai iya ba.

Wata dabarar da ta dace da irin wannan labari ita ce mayar da mai zargin gwamnati shaida. Mutumin da gari ke wa kallon taɓaɓɓe saboda yana kwana a kan rufi da madubin hangen nesa, shi kaɗai ne idonsa biyu a daren da aka yi kisa. Abin da ya gani gaskiya ne, fassararsa ce ta kauce. Ya rubuta cewa ƙarfe biyu da kwata wani haske ya sauka bayan rumbu, mai abinci kuma, da yake ita ce kaɗai ke zama ta saurare shi idan ta kai masa abin kari, ta gane fitilar motar wani ce da ya rantse yana gida a lokacin. A nan ne bambancin hanyoyin biyu ke fitowa. Mai zargin maƙarƙashiya yana farawa da amsa, duk abin da ya saɓa mata ya ce an shirya shi ne, rashin hujja ma ya zama hujjar cewa an ɓoye ta. Mai girki tana farawa da abin da ke cikin kwano.

Tarihi ya ajiye wani lamari da ya fi ƙagaggen labari daɗin ji. A ranar 18 ga Afrilu, 1961, wani mai gyaran famfo kuma mai kiwon kaji a garin Eagle River na Jihar Wisconsin, Joe Simonton, ya ce wani jirgi mai sheƙi ya sauka a harabar gidansa, mutanen ciki suka miƙo masa tulu da alamar suna son ruwa. Da ya ɗebo musu, sai suka saka masa da fanken da suke soyawa. Ya ce ya ci ɗaya, ɗanɗanonsa kamar kwali. Masanin taurari J. Allen Hynek, mai ba sojan sama shawara, ya bi diddigin maganar, aka kuma kai fanken ɗakin gwajin abinci na gwamnati. Sakamakon ya nuna mai, da sitaci, da dusar alkama, da ɓawon waken soya da na wani hatsi da Amurkawa ke yin fanke da shi. Duk kayan gonar duniyar nan ne. Ba a kama Simonton da damfara ba, masu binciken ma sun tafi a kan cewa shi ya yarda da abin da yake faɗa. Tambayar da aka yi wa fanken dai ita ce irin wadda kowace uwar gida za ta yi: da me aka haɗa shi?

Akwai marubutan da suka ƙi bin Knox, suka bar baƙon ya zama na gaske, sai dai suka sauya masa matsayi. A Resident Alien, labarin zane da Peter Hogan da Steve Parkhouse suka fara a 2012, wanda ya zama shirin talabijin a 2021, baƙon da jirginsa ya faɗo ya ɓad da kama a matsayin likita a wani ƙaramin gari, sai ga shi shi ne ke binciken kisan da mutane suka yi. A shirin Roswell na 1999, labarin ya fara ne a gidan abinci, inda harsashi ya samu wata yarinya mai raba abinci, wani saurayi ɗan wata duniya ya warkar da ita ya tona asirin kansa. Baƙin shirin suna da son ruwan barkonon Tabasco, kuma da aka yi niyyar dakatar da shirin, masoyansa suka yi ta aika wa tashar kwalaben barkonon. Mafi duhu a wannan layi shi ne gajeren labarin Damon Knight na 1950, To Serve Man. Baƙi sun zo sun kawar da yunwa da yaƙi, suna gayyatar mutane ziyara duniyarsu, an kuma samu wani littafinsu da sunansa ke nufin yi wa ɗan Adam hidima. Kalmar Turancin tana da fuska biyu, hidima da kuma kawo abu a faranti. Da aka fassara cikin littafin, sai aka tarar na girki ne. Mai karatun Hausa ma ba baƙo ba ne ga mai saukowa daga sama, tunda Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969, sai dai nasa labarin na yawon buɗe ido ne a sararin samaniya, babu gawa babu tukunya.

Waɗannan littattafai ba su rasa aibi ba. Da yawansu kamar a gwangwani ɗaya aka gasa su: kyanwa, uwa mai matsa wa ’yarta ta yi aure, ɗan sanda mai sonta yana gargaɗinta ta cire hannu, ita kuma ba ta ji. Mutuwa takan yi arha, a binne mutum da safe a shiga gasar kek da yamma. Amurkawa da kansu suna yi wa abin ba’a da sunan Cabot Cove, ƙaramin garin shirin Murder, She Wrote da aka nuna daga 1984 zuwa 1996, wanda yawan kisan da aka yi a cikinsa ya isa ya ƙarar da mazauna. Aibi mafi nauyi shi ne a labari mai binciken sa-kai takan zargi mutum uku marasa laifi kafin ta dace da na huɗu, kuma ba a nuna abin da zargin ya jawo wa ukun. A zahiri ba haka abin yake ƙarewa ba. Bayan harin bam na gasar gudun Boston a 2013, masu binciken sa-kai a dandalin Reddit sun ɗora laifin a kan wani ɗalibi da ya ɓata, wanda ba shi da hannu ko kaɗan, iyalinsa suka sha tsangwama, daga baya shugabannin dandalin suka nemi afuwa. Marubutan da suka fi iya aikin, irin su Davidson da Andrew, sun ɗan kauce wa wannan sakaci, domin sun bar ciwon dukan miji da tsoron talauci a jikin taurarinsu, ba su bari sukari ya rufe komai ba.

Bayanin girkin kuwa ba ado ba ne, masu karatu suna shiga kicin da littafin a hannu su gwada. Har ta kai Fluke ta tattara girke-girken Hannah ta buga su a littafi guda a 2011, Davidson ma ta yi haka da na Goldy a 2015, aka jera su a kanta ɗaya da sauran littattafan koyon girki.